Babban Yatsan Hajo

Fentin bai gama rufe harafin farko ba. Hajo ta lura da haka ne tana wucewa ta gaban shagon: a ƙarƙashin sabon shuɗin da aka shafa wa allon, ƙafafun H guda biyu suna nan a tsaye, ana hango su dishi-dishi. Shekara bakwai allon nan yana ɗauke da suna biyu, Hajo da Sikira. Yanzu saura ɗaya, ya karkata gefen dama shi kaɗai.

Ba ta rage sauri ba. Saƙon da mai tallan burodi ta kawo mata jiya ya ce ta biyo ta lungun baya, wajen famfo, kada ta shigo ta gaba. Ta ƙara cusa hannayenta cikin gyale. Tun da safe ta ɗaura zane irin na Yarbawa, ta sa buba, ta kafa ɗaurin kai, kuma Yarbancinta ba wanda zai tsinci wani abu a ciki, don a Agege aka haife ta. Hannayen ne kawai suka ƙi ba ta haɗin kai. Shekara ashirin tana ƙunsa wa amare lalle, har tafukanta da farcenta suka rine, suka yi ja mai duhu. Ta goge su da lemun tsami, ta goge da toka, ba abin da ya canza.

Wata biyu ke nan rabonta da tsallake layin dogo. Ranar da rikici ya tashi a watan Oktoba tana tsakiyar yi wa wata kitso. Sikira ce, wadda kowa ke kira Iya Tawa, ta ja ta zuwa ɗakin baya, ta kwantar da ita a ƙasa, ta lafta mata tawul da buhunan gashin ƙari, sannan ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana zagin samarin da suka zo farautar Hausawa da sunayen iyayensu mata, ɗaya bayan ɗaya, har suka wuce. Kwana biyu Hajo ta yi a gidan Sikira kafin mijin Sikira ya ɗauko ta a danfonsa, bas ɗin da yake haya da ita, ya sauke ta a bakin Zango. Tun daga nan ba ta sake fita unguwa ba. Ta share tsakar gida har ƙasa ta fara kwarzanewa. Ta tsefe kan 'yarta Hadijatu ta sake kitsewa sau uku a mako guda, sai da yarinyar ta fara ɓuya a gidan maƙwabta. Ko zama ta yi, ƙafarta ba ta daina rawa.

Da safen nan mijinta Badaru ya ga muciya ta leƙo daga cikin jakarta.

"Ina zuwa da makami?"

"Iya Tawa ce ta aiko. Man gashi ya ƙare, ga Sallah ga Kirsimeti a mako ɗaya."

"Da can ba ta san hanyar Zango ba, sai da mai ya ƙare?"

"Malam, ita ce fa ta ɓoye ni."

"Ban manta ba. Na kuma aika mata da cinyar sa." Ya sa hularsa. "Matan unguwar nan su ma suna da gashi a kai, Hajo. Ki dawo kafin la'asar, kar ki sa in sha ruwa da tashin hankali."

Matan unguwar suna da gashi, gaskiya ne, suna kuma sayen man. Amma su ne kuma suke kiranta Hajon Yarbawa idan ta ba da baya, wani lokacin ma tun ba ta ba da bayan ba.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa sau biyu. Sikira ta buɗe, ta fizgo ta ciki, ta rufe, sannan ta rungume ta har sai da ɗaurin kan Hajo ya goce.

"Maman Hadija! Dube ki don Allah, kin koma tsinken tsire. Oga Badaru ya daina kawo nama gida ne?"

"Ke kuma wane irin azumi kike yi, Iya Tawa? Kowa na ramewa kina ƙara faɗi."

"Sahur nake yi na mutum uku, kin san ba na wasa da ibada." Ta riƙe ta a kafaɗa tana kallonta. "Wa ya ɗaura miki wannan kan? Kin yi kyau kamar uwar amarya."

Suka yi dariya, amma ƙasa-ƙasa, kuma Sikira ta waiga wajen labulen da ya raba ɗakin bayan da cikin shago. Daga can ana jin ƙarar dirayar busar da gashi da muryar wata yarinya da Hajo ba ta sani ba.

"Wace ce?"

"'Yar ƙanwata ce, Bisola. Tana ɗan riƙe min kitso kafin abubuwa su daidaita." Sikira ta yi saurin jawo wata roba daga kan kanta ta buɗe. "Ga abin kunyar da ya sa na kira ki. Kar ki yi dariya."

Hajo ta lakato man ta murza tsakanin yatsu biyu. Duk tsaki-tsaki ne, kamar an zuba masa yashi.

"Me kika yi masa?"

"Duk abin da kike yi! Man kaɗanya, man kwakwa, kanumfari, garin magarya. Shekara bakwai ina kallonki."

"Da kika sauke daga wuta fa?"

"Na rufe shi na ajiye ya huce da kansa."

Hajo ta yi dariyar da aka hana ta. "Miya kika ɗauke shi? Wannan ba ya son a bar shi shi kaɗai. Idan kika juya masa baya yana hucewa, haka zai yi miki."

"To ni na ɗauka juyin nan da kike yi na awa guda duk iyayi ne, don kar a sa ki wanke tawul."

"Allah ya isa."

"Na karɓa. Mata uku sun dawo min da shi. Ɗaya ta ce mijinta ya tambaye ta ko a bakin teku ta kwana."

Hajo ta cire gyale, ta naɗe hannun buba. Ta kunna risho, ta ɗora babbar tukunya, ta yanka man kaɗanyar gunduwa-gunduwa. Ta aiki Sikira ta sayo ƙanƙara wajen mai lemo. Tun da ta shigo, sai yanzu numfashinta ya dawo daidai. Ɗakin bai canza ba: ƙusar da take rataye mayafi, tabon da tukunya ta taɓa yi wa tabarma, har tsohon silifas ɗinta a ƙarƙashin benci. Ta tace man da farin ƙyalle, ƙamshin kanumfari ya cika ɗakin. Ta dasa tukunyar cikin bahon ruwan ƙanƙara, ta fito da muciyar.

Muciyar ta mahaifiyarta ce, da ita ta zo daga Maraɗi tana amarya, kuma ba a taɓa tuƙa tuwo da ita ba. Hajo ta fara juyawa, hannun dama, ba tsayawa. Man ya tashi daga ruwa-ruwa mai launin zuma, ya fara yin kauri, ya fara haske. Gumi ya bi ta bayan kunnenta. Maƙogwaronta ya bushe da azumi, amma ba ta damu ba.

Tana cikin juyin ne idonta ya faɗa kan kwalin da ke ƙarƙashin kanta. Robobi ne sababbi, an riga an manna musu takarda. A da takardar fara ce, da rubutu kore: Man Hajo. Wannan ruwan ɗorawa ce, da hoton wata mata mai dogon gashi, an rubuta da Yarbanci Ori Iya Tawa, wato man Iya Tawa.

Hannunta ya so ya tsaya. Ta tilasta masa ya ci gaba, don idan ta saki yanzu duk tukunyar ta lalace.

Sikira ta shigo ɗaukar almakashi, ta bi idon Hajo da kallo, ta tsaya.

"Na so in faɗa miki da bakina."

"Na ga allo ma."

"Maman Hadija, ba ki san abin da muka gani a nan ba. Bayan kin tafi sun dawo sau biyu. Sun tsaya suna karanta allon da ƙarfi. Baba mai shagon ya ce ko in goge ko in kwashe kayana, shi ba zai bari a ƙona masa gini ba." Ta rage murya. "Takarda ce kawai. Man naki ne, rabonki yana nan ba wanda ya taɓa. Ki riƙa zuwa ta baya duk Talata, ki haɗa, ki koma. Wa ya sani?"

"Har yaushe?"

"Har abubuwa su lafa."

"Sun lafa ai. Na biyo ta kasuwa, 'yan goro sun buɗe, mahauta sun buɗe."

"Su maza ne, suna da yawa, suna da wuƙaƙe. Ni mace ɗaya ce da diraya biyu." Daga cikin shago aka kira ta. "Bayan sabuwar shekara, in sha Allahu. Za mu yi magana."

Ta fita. Hajo ta ci gaba da juyi. Ba ta ga ƙarya a fuskar Sikira ba, abin da ya fi damunta ke nan. Da ƙarya ce da ta san abin da za ta ce.

Man ya yi fari, ya yi laushi, muciya ta fara barin hanya a cikinsa. Ta ɗauko robobin, don ba wasu, ta jera su a kan benci ta cika su da cokali, ta buga gindin kowace a ƙasa don man ya zauna. Saura abu ɗaya. Idan man ya kusa daskarewa, takan danna babban yatsanta a tsakiyar kowace roba kafin ta rufe. Mahaifiyarta tana yin haka ne don ta gane ko ya kama: idan ramin ya tsaya bai cike ba, man ya yi. Hajo ta gaji abin ba tare da tunani ba. Masu saye ne suka mayar da shi shaida. Tun lokacin da wasu a kasuwar Oshodi suka fara zuba man banza a roba suna cewa nata ne, mace ba ta biya sai ta buɗe murfi ta ga yatsan.

Ta zauna a kan tabarma tana jiran man ya kama. Ta tashi. Ta wanke cokali. Ta sake zama. Ta leƙa ta gefen labule, inda ya ɗan yage.

Kujerarta tana nan a wurinta, kusa da taga. Bisola ce a tsaye a bayanta, tana yi wa wata kitso, tana jan gashin goshi da ƙarfin da zai sa matar ciwon kai kafin magariba. An cire hotunan zanen lalle daga bango. Inda suke a da, fentin ya fi sauran haske, murabba'i huɗu.

Ƙofar gaba ta buɗe, wata mata mai jiki ta shigo tana fifita da jarida. Madam Bose ce, malamar asibiti, wadda Hajo ta yi shekara biyar tana yi wa kitso, tun lokacin da man miƙar da gashi ya cinye mata gefen kai har ta koma sa hular gashi. Man Hajo ne ya dawo mata da shi. Da Yarbanci take magana, da muryarta ta kiran marasa lafiya.

"Iya Tawa, na zo ne a kan man nan. Kar ki sake ba ni wancan garin rogon."

"Haba Madam, an gyara. Sabo ne fil, yau aka haɗa. Ba ki ji ƙamshi ba?"

Madam Bose ta shaƙi iska. "Ƙamshin kam shi ne. Kawo in gani."

Sikira ta ɗaga labule kaɗan, ta miƙo hannu ba ta ko dubi Hajo ba, ta ɗauki roba ɗaya ta fita da ita. Madam Bose ta karkata ta wajen haske.

"Ina yatsan?"

"Wane yatsa kuma? Taɓa ki ji laushi."

"Ni ba yarinya ba ce. Guda shida nake so, biyu zan aika wa ƙanwata a Ibadan, kuma ita ma ta san yatsan. Ina Bahaushiyar nan take ne wai?"

Hajo ta ga bayan Sikira ya ƙame. Akwai mata uku a shagon, ɗaya baƙuwar fuska ce, ta ɗago kai daga ƙarƙashin diraya.

"Ta tafi," in ji Sikira. "Ta koma garinsu. Arewa."

"Kai! Allah sarki." Madam Bose ta zauna da nauyi. "Mace mai hannu. Ba ta da surutu, ba ta jan gashi. To amma gara haka, kowa ya zauna a garinsu, hankali ya fi kwanciya."

"Sai su bar mana kasuwa ma," in ji ta ƙarƙashin dirayar.

"To idan ta tafi, wa ya haɗa wannan?"

"Tana aikowa," Sikira ta ce da sauri. "Direban tirela ke kawowa. Akwai masu yatsan a ciki, wannan ne aka tsallake. Bari in duba miki."

Hajo ta saki labulen ta ja da baya. Garinsu. Sau biyu ta taɓa zuwa Arewa a rayuwarta, duka biyun gaisuwar mutuwa, kuma a can yara suna bin ta suna kwaikwayon Hausarta. An binne cibiyarta a bayan wani gida da ke ƙasa da tafiyar minti goma daga inda take tsaye. Makarantar allo ɗaya suka yi da Sikira, a zauren malami ɗaya, bulala ɗaya ta dake su.

Sikira ta shigo, ta ja labulen ta rufe ruf. Idonta ya yi ja.

"Kin ji, na sani. Waccan ta dirayar, ɗanta yana cikin yaran. Me kike so in ce?" Ta kama hannun Hajo na dama, ta juya shi, ta dubi jan tafin. "Na gwada nawa, wallahi na gwada a kan na farkon. Suka ce wannan yatsan ya yi faɗi, ba shi ba ne. Har girmansa sun sani. Don Allah, ore mi, ƙawata. Danna kawai. Guda shida yanzu, sauran in sun tafi."

"A kan sunanki."

"A kan abincin 'ya'yanmu, ni da ke."

"Ki ce musu ina nan. Ba sai kin gyara allo yau ba. Ki ɗaga labulen nan kawai ki ce ga Hajo."

Sikira ta dubi labulen. Ta dubi ƙasa.

"Ba yau ba," ta ce. "Ki yi min rai, ba yau ba."

"Iya Tawa!" Madam Bose ta ƙwala kira. "Arewan kika tafi ɗaukowa?"

"Ina zuwa, Madam! Ina neman leda!" Ta matse hannun Hajo sau ɗaya ta sake shi. "Minti biyu. Zan riƙe su da hira."

Ta fita. Hajo ta ji ta ta fara ba da labarin wata amarya da ƙarin gashinta ya faɗo a coci, matan suka kwashe da dariya.

Robobin suna jere a kan benci, fari tas, sumul. Ta taɓa gefen ɗaya da farce. Ya kama, daidai lokacin ke nan. Ta ɗaga babban yatsanta a kan ta farko, ya tsaya a sama, har tana jin sanyin man yana tasowa. Ta tuna nauyin tawul a kan fuskarta, da warin gashin roba, da muryar Sikira a bakin ƙofa tana kiran sunayen iyayen mutane. Ta tuna duk Talatar da ke tafe: lungun famfo, ƙofar langa-langa, hannu cikin gyale, ita a nan tana juyi, a can gaba ana cewa ta tafi.

Ta sauke hannun. Ta ɗauki murafan ta rufe robobin ɗaya bayan ɗaya, ta jera su da kyau, takardun suna kallon gaba. Man ya yi kyau, ba tsaki ko ɗaya, duk wadda ta shafa za ta gane. Ta bar tukunyar cikin bahon ƙanƙara da ƙyallen tata a gefe, yadda Sikira za ta ga tsarin idan ta duba. Ta goge muciyar, ta naɗe ta a tsumma, ta sa a jaka. Ta sunkuya ta jawo tsohon silifas ɗinta daga ƙarƙashin benci, shi ma ta sa.

Ta dubi ƙofar langa-langa. Sannan ta ninke gyalen ta ɗora a kafaɗa, ta kama labulen da jan hannunta ta zuge shi gefe.

Bisola ce ta fara ganinta, ta tsaya da mataji a sama. Madam Bose ta gan ta a madubi, jaridar ta tsaya a hannunta. Labarin amaryar ya yanke a bakin Sikira. Dirayar ce kaɗai ta ci gaba da ƙara.

Hajo ta bi ta tsakanin kujerun biyu a hankali. Da ta zo daidai tata, ta ɗan shafa saman jinginar, inda fatar ta tsage tun bara. Ta tura ƙofar gaba, ta wuce ta ƙarƙashin allon, ta gangara wajen layin dogo, jakar a hannu ɗaya, kan muciyar yana leƙowa.